Bakin Mama a Kan Katin Memori

Litinin

Zuwa ga ɗiyata, Injiniyar gidanmu,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga wadda ta goya ki. Ina fatan shago lafiya, jiki lafiya, kuma kina cin abinci a kan lokaci, ba ki wuni a kan benci da ƙarfen dalma a hannu ba. Kin san kunnena ya yi nauyi, in na ɗauki waya daga "eh?" sai "me kika ce?", shi ya sa na koma wa takarda. Shekara talatin ina buga wasiƙun mutane a ofis, ban ga abin da zai hana ni rubuta tawa ba. Direban da ke kawo wa shagon magani kaya shi zai miƙa miki wannan tare da kwali biyu. Na ja masa kunne kada ya ɗora komai a kansu.

Maganar babanki ce. Yau sati biyar da sallamo shi daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jikin nan. Ɓarin dama bai dawo ba, baki ma bai dawo ba. Hankalinsa kuwa garau, kuma nan ne ciwon yake. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana cika aji da murya yana koyar da lissafi, yau ruwa ma sai dai ya nuna da ido. Likita ya ba mu wani allon gilashi da ake shafawa, amma yatsansa rawa yake yi, in ya nufi ruwa sai ya taɓa banɗaki. A rana ta uku ya ture shi ƙasa. Na ba shi biro, haruffan suka riƙa guje masa. Tun shekaranjiya ya juya fuska bango, jiya cokali uku ya ci. Ina jin tsoro, kuma kin san ba na faɗin haka da wasa.

Ga abin da na lura. Yatsun hannunsa na hagu suna motsi a kan bargo, kuma ba rawar ciwo ba ce. Ni da na tsufa a kan keken rubutu na san hannun da ke neman maɓalli. Na sunkuya na tambaye shi ko kwamfutar yake so. Ya damƙe hannuna har sai da na ji zafi.

Kin tuna lokacin da aka yi wa mamanki aiki a maƙogwaro muryarta ta tafi, kina shekara goma sha ɗaya. Babanki ya zauna ya tsara mata wani abu a tsohuwar kwamfutarsa: ta danna maɓalli ɗaya, magana guda ta fito da manyan baƙaƙe a talabijin. Da shi ta yi mulkin gidan nan shekara takwas, har Allah ya karɓi abinsa. Babanki kuma kullum yana gefenta, har ya haddace. Yau babu wanda ya san wane maɓalli ne wace magana sai yatsunsa. Saboda haka kada ki ce min za ki tsara masa sabo a rana ɗaya, na san bakinki. Wancan yake so, kuma wancan hannunsa ya sani.

Na buɗe ɗakin karatunsa na jona komai yadda na tuna. Kwamfutar ta tashi, amma akwatin da ke karanta faifai ya yi ƙugi kamar tsohon injin niƙa ya tsaya ɗif. Faifan guda ɗaya ne tak, baƙin nan mai faɗin tafin hannu, mamanki ta rubuta masa BAKINA a jiki. Yana cikin ambulan, na naɗe shi a tawul.

Na san abin da ke tsakaninku. Na ga yadda ya kau da kai da kika zo asibiti, na kuma ga yadda kika koma a ranar. Ban nemi izininsa ba kafin in kwaso masa kaya, ni ce babba. Ki mayar wa ubanki da baki.

Allah ya yi miki albarka.
Gwaggonki

Laraba

Gwaggona ta kaina,

Na amsa sallama, na kuma gaishe ki da jinya, Allah ya ba ki ladan. Ki gaishe da Baba in ya yarda a gaishe shi. Kaya sun iso lafiya, direba ya sauke su kamar ƙwai, da alama jan kunnen ya shiga.

Ki kwantar da hankalinki, wannan aikin a gidana ya sauka. Kwamfutar kanta lafiyarta lau. Na buɗe ta, na share ƙura, na canza wasu ƴan abubuwa biyu da suka kumbura, ta tashi fes. Maƙwabcina mai gyaran agogo ya bar shagonsa ya zo ya tsaya a kaina yana kallo, wai rabonsa da ganin irinta tun yana da gashi. Maɓallan nan masu nauyi ne, sai an danna da gaske suke amsawa, shi ya sa za su yi wa Baba daidai fiye da gilashin likita. Akwai ɗaya a layin tsakiya da ya sha dannawa har harafin jikinsa ya goge ƙwal.

Ga dabarar. Faifai ya gama zamaninsa, ba zan mayar muku da shi ba. Akwai wata ƴar na'ura da masu son tsofaffin kwamfutoci ke haɗawa, ba ta fi akwatin ashana biyu ba, ina da guda a durowa tun da na haɗa wa wani. Ana soka ta a inda wayar akwatin faifai ke shiga. Aikinta kawai ƙarya: ta ce wa tsohuwar ita ce akwatin faifai, tsohuwar ta yarda, alhali katin memori ne a cikinta, irin wanda ake sa wa waya. Babu abin da ke juyawa, babu abin da zai cinye. Mafi ƙanƙantar katin da na samu zai haɗiye faifai irin na Mama dubbai bai san ya ci komai ba. Sai dai dole a shirya shi irin na da, a kuma ba fayil gajeren suna da manyan baƙaƙe, in ba haka ba tsohuwar sai ta yi kamar ba ta gan shi ba. Duk na gama wannan.

Abin da ya rage shi ne a karanto abin da ke cikin BAKINA sau ɗaya tak a juye a katin, kuma wannan sai da tsohon akwatin. Ban sa faifan ba tukuna. Ya tsufa, shafin ruwan ƙasan da ke riƙe rubutun ya yi rauni, duk juyin da ya yi ana kankare masa wani abu. Don haka na fara da akwatin. Yadda na saba, sai da na ɗauki hoton kowane lungu kafin in sa sukundireba.

Gwaggo, in kin ga cikinsa sai kin yi dariya. Bel ɗin roba ya narke ya zama kamar kwalta, shi ne ƙugin da kika ji. Ƙaramin injin da ke tura allurar karatu ya goce daga mazauninsa, da ido ma ana gani. Wani ya ɗiga masa wani farin abu ya bushe a jiki, an kuma cusa guntun rula a bakin akwatin an manne da salatif. Baba gwani ne a lissafi, amma a gyara sai a hankali. Na sa sabon bel, na goge farin abin tas, na cire rular, na daidaita injin da faifan gwajina har ya zauna yadda ya fito daga kamfani. Yanzu yana karatu shiru kamar sabo.

Gobe da safe zan sa BAKINA. Kafin ƙarshen mako kaya na hannunki. Ki gaya wa Baba, ko kuma ki bari kawai ya gani.

Taki har kullum,
Injiniya, kamar yadda kika sa min

Juma'a

Ɗiyata,

Sallama a gurguje, direba na ta danna min hon a ƙofa. Na gaya masa kayan suna wurinki. Ya rufe ido ya daɗe, amma da rana ya ci rabin faranti.

Farin abin nan da guntun rular, kada ki jefar da komai, kada ki ƙara goge komai.  Bayani na tafe.

Gwaggonki

Asabar

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da mai jiki. Takardarki ta same ni bayan na riga na yi ɓarna.

Na sa faifan ranar Alhamis da safe. Ya juya, kwamfutar ta ce ba ta ga komai ba. Na ce ƙila ƙura ce, na sake sawa. Haka dai. Da na duba allurar sai na ga ɗan garin ruwan ƙasa a bakinta, wato jikin faifan ne ya fara zuba. Nan take na zare wuta na zauna.

Sai da na wuni kafin na gane. Faifan ba shi da laifi. Akwatin ne ya rubuta shi a karkace, kuma a karkace kaɗai yake iya karanta shi, kamar littafin da aka ja wa layi a goce aka bi layin da rubutu. Babu wani akwati a duniya da zai karanta BAKINA sai wannan, kuma sai yana yadda yake. Ni kuma na zo da iyawata na miƙe shi. A lissafina faifan zai jure juyi biyu, in an yi sa'a uku. Karkatar kuma ba da ido ake mayar da ita ba, da kaurin gashin kai ake aunawa. In na yi ta lalube da faifan a ciki, zan kankare bakin Mama da hannuna. Rular na tono ta daga kwandon shara, tana nan.

Tunda abin ya zo haka, bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni na karkatar da akwatin nan. Mama na asibiti, Baba ya tafi kai mata abinci, na shiga ɗakinsa da wuƙar kicin don in ga abin da ke juyawa a ciki. Na kwance noti uku, na jawo shi in gani da kyau, waya ta riƙe, ya faɗo daga tebur a kan kusurwarsa. Na mayar da komai na goge ƙasa. Da ya dawo ya kunna ya ga babu faifan da ke karantuwa, ya kira ni ya tambaye ni, na ce ban sani ba. Bai dake ni ba, da ma ya dake ni. Washegari ya sayo kwaɗo ya sa wa ƙofar, ya ce, "Kada ki ƙara taɓa min kaya."

Shekara ashirin da biyu ke nan, kuma ban ƙara ba. Ko rediyonsa ban taɓa murɗawa ba. Da na bar karatun koyarwa na kama gyara, na san abin da yake gani in ya kalle ni: mai ɓarna ta samu lasisi. Shekara tara da buɗe shagon nan bai taɓa tako ƙofarsa ba, ni kuma ban taɓa gayyatarsa ba. Yau ga shi na taɓa masa kaya karo na biyu, na sake ɓatawa. Abin na ci min rai, Gwaggo, ba zan ɓoye miki ba.

Ban ce ba zan iya ba. Hannuna bai taɓa ba ni kunya a aiki ba. Amma ba zan ƙara juya faifan nan ba sai na san inda zan tsayar da injin. In kin san wani abu, ki faɗa min duka.

Ɗiyarki

Litinin

Ɗiyata, mai wuƙar kicin,

Sallama, da gaisuwa, da kuma ɗan ranƙwashi a ka. Shekara ashirin da biyu kina ɗauke da sirrin da duk gidan suka sani tun ranar. Wuƙa ta ci kan notin ta bar shaida, yarinya kuma ta ƙi cin abincin dare tana ta wanke kwanon da aka riga aka wanke. Malamin makaranta kike so ki ɓoye wa wannan?

Ki ji yadda aka yi, ina gidan a lokacin. Abin da ya ɓace masa a ranar aikin sati uku ne, wato bakin da yake tsara wa mamanki, ga shi saura kwana huɗu a sallamo ta. Ya buɗe akwatin ya ga injin ya goce. Ba shi da abin aunawa, ba shi da lokacin kai shi wani gari. Sai ya ɗaure shi tam a inda ya same shi, ya ɗauko sabon faifai ya faro daga farko. Kwana huɗu ina kai masa shayi yana hucewa a gefensa. Ranar da ta shigo gidan, talabijin na kunne yana jiranta.

Farin abin da kika goge, nawa ne. Ruwan goge kuskure ne na keken rubutu, daga jakata ya ɗauka. Ba ɗigawa ya yi ba. Layi ya ja da ɗan burushin, siriri, daga jikin injin ya haye kan ƙarfen da yake zaune, don ko da ya sake motsawa ya san inda zai mayar da shi. Rular kuma marfin bakin ne ya saki tun faɗuwar, ita ke danne faifan ya zauna. Shi ke nan gyaran da kika yi wa dariya.

Daga baya wani abokin aikinsa ya ce ya kawo a miƙe masa shi. Ya ƙi. Ya ce in aka miƙe akwatin bakin matarsa zai rufe, a bar shi a yadda gidan ya saba da shi. Kwaɗon da ya sa, tsoro ne. Mutum ne da ya kusa rasa mata, ya ga abin da ya rage mata na magana yana rataye a kan noti biyu, ga yarinya a gida da ba ta ganin abu a rufe ta ƙyale. Na taɓa jin yana gaya wa mamanki, yana dariya, wai ƴar shekara goma sha ɗaya da wuƙa ta gano notin da ya kamata a fara kwancewa, shi kuwa sai da ya duba littafi. Me ya hana shi faɗa miki? Abin da ya hana ki faɗa masa naki. Kanku ɗaya, kamar dutse. Rashin zuwa shagonki kuwa taurin kai ne tsagwaronsa, ba zan wanke shi ba, na sha gaya masa a fuska tun yana iya mayar min da amsa.

Yanzu ki share ido ki koma aiki. Da bakinki kika rubuta min cewa sai da kika ɗauki hoton kowane lungu kafin ki sa sukundireba. To, layin yana cikin wayarki. Ki buɗe ki duba, ki mayar da karkatar inda kika same ta.

Jiya ya koma cokali huɗu, yatsun kuma ba su daina ba. Ki yi a hankali, amma kada ki yi nawa.

Ina yi miki addu'a.
Gwaggonki

Laraba

Gwaggo ranki ya daɗe,

Gaisuwa irin ta wadda ta ci nasara. Ranƙwashin ya iso, na karɓa. Ki sa direba ya shigo da kwalayen har falo.

Na buɗe hoton na ƙara masa girma, ga layin nan ɓaro-ɓaro, ni ce na kalle shi na ga datti. Da na haska fitilar benci a gefe sai na ga abin da ya fi hoton ma. Inda farin ya zauna shekara ashirin da biyu, ƙarfen bai dushe ba, ya bar wani siririn haske a jikin injin da kuma a mazauninsa. Na sassauta noti biyu, na riƙa juya injin kaɗan-kaɗan har hasken sama ya haɗu da na ƙasa ya zama layi ɗaya. Na ɗaure. Na sa faifan gwajina, akwatin ya kasa karanta shi, na ce madalla. Tun da na fara sana'a ban taɓa ɓata aikina da hannuna ina murna ba sai ranar. Mai gyaran agogo ya ce shi dai bai gane irin wannan gyaran ba.

Na mayar da rular da sabon salatif, na rufe shago, na sa BAKINA. Layi arba'in ne a jikin faifan, ana kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa katin. Ina ƙirgawa a fili. A na talatin da ɗaya ya tsaya yana ƙoƙari. Na ɗora yatsa a kan rular na ɗan danna, ya wuce. Arba'in cif, babu abin da ya ɓace. Na zare faifan na mayar a ambulan, ba zai ƙara juyawa ba har abada.

Sai na cire akwatin, na soka ƴar na'urar, na kunna. Kafin in gyara zama talabijin ɗin shago ya cika da manyan baƙaƙe. Na bi maɓallan ɗaya-ɗaya don gwaji, kuma wallahi Mama ce ta shigo shagon. "Ruwa, don Allah." "A rage rediyon nan." "Wa ya bar ƙofa a buɗe?" "Gishiri ya yi yawa." "Kin ci abinci?" Akwai naki ma, amma ba zan faɗa ba, ki jira rabonki. Na bar wanda harafinsa ya goge sai ƙarshe. Da na danna, abin da ya fito shi ne: "Malam, ka ƙyale yarinyar nan." Duk cikin maɓallan, shi ta fi dannawa. Na kifa kai a kan benci na yi kukan da ban yi ba ranar da ta rasu.

Ga yadda za ki yi. Wayar talabijin a ramin da na ɗaura wa jan zare, wayar wuta a nata, sai ki danna makunnin gefe. Shi ke nan, da kansa zai tashi, babu abin da za a buga. Doka ɗaya ce: in koren haske na ƙyaftawa kada a zare katin. Katin bai fi farcen ɗan yatsa ba, na san ki da tsintsiya, don haka guda biyu na aiko, kowanne da igiya a jikin kwali mai faɗi. Abu ɗaya ne a cikinsu, akwai na uku a durowata. Dogon maɓallin ƙasa, in an danna shi, mutum na iya rubuta abin da ya ga dama harafi-harafi, haka Baba ya tsara tun asali. Abin da na ƙara kawai, duk abin da aka rubuta yana zama a katin. Bayan sati ki sa na biyun ki aiko min na farkon in duba lafiyarsa.

Akwatin faifan ma na dawo da shi, a karkace yadda na same shi. Na sake jan layin da farin fenti. Ki ajiye masa a inda yake.

Ɗiyarki,
Injiniya, yanzu da hujja

Alhamis ta sama

Ɗiyata,

Sallama da gaisuwa, da godiyar da ba ta shiga takarda. Na yi jinkirin rubutu don hannuna bai zauna ba, yanzu gidan nan akwai mai ba da umarni.

Da la'asar na jona, bayan na zaunar da shi a kujerarsa na ɗora masa kwamfutar a kan katakon cin abinci. Da baƙaƙen suka fito ya daɗe yana kallo. Sannan hannun hagun ya tashi da kansa, ko duba maɓallan bai yi ba. "Ruwa, don Allah." Na kawo, ya shanye kofi guda. Ni kuma sai bakina ya ɓalle, ina kuka ina godiya ina ba shi labarin bel da rula da direba, har da abin da ba a tambaye ni ba. Sai na ga yana nuna min talabijin da haɓa. Na juya, an rubuta: "Yaya, ya isa haka." To, na ga rabona. Shekara goma sha huɗu rabon da a gaya min wannan, kuma ban taɓa jin daɗin a rufe min baki irin na ranar ba.

Da aka kawo abinci ya ce gishiri ya yi yawa. Ƙarya yake yi, likita ya hana gishiri, ko ƙwaya babu. Amma ya cinye farantin tas, yana yi yana kallona ta gefen ido. Likitan da ya zo shekaranjiya ya ga babanki ya ƙara nauyi, ya tsaya yana ta leƙen ƴar na'urarki yana tambaya wa ya haɗa. Na ce ƴar mai gidan.

Na karanta masa wasiƙunki duka, har da ta wuƙar. Ban nemi izininki ba, ni ce babba. Na gama na ajiye takardun. Can sai ya kai yatsa kan maɓallin nan da ya goge, ya danna, ya bar maganar a talabijin har aka kira magariba. Na bar masa falon, wannan tsakaninsa da matarsa ne.

Kwana uku ke nan kullum da rana yana fama da dogon maɓallin. Harafi ɗaya sai ya ɗauke shi lokacin da zan tafasa ruwa, ya goge, ya sake. In na leƙo sai ya danna min wa ya bar ƙofa a buɗe, in fita. Yau da safe ya nuna min katin, ya nuna hanya. Na jira koren hasken ya tsaya kafin na zare, yadda kika ce. Ban karanta ba. Ga shi nan da igiyarsa.

Allah ya ƙara wa hannunki albarka.
Gwaggonki

Abin da ke cikin katin

Zo nan, ƴar nan.
Kin ci abinci?
Na gode.
Na gode.

na cire kwaɗon

rediyona ya lalace ki zo da sukundireba

babanki